Abin da Kyamara Ke Yankewa a Zirin Cape

A kudancin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 50 da ya kutsa cikin teku, tun daga Dutsen Tebur har zuwa Cape Point. Masu ɗaukar hoto sun daɗe suna yi masa tururuwa, har hotunan wurin suka zama salo mai ƙa'idojinsa: a fito da sassafe ko dab da magariba sa'ad da hasken rana ya sassauta, a jira farin gajimaren da iskar kudu maso gabas ke shimfiɗawa a kan dutsen, sannan a tabbatar babu mutum ko rufin kwano a cikin hoton. Ƙa'idar ƙarshen nan ce abin dubawa, domin ita ke sa hoto ya yi kyau, ita kuma ke sa ya ɓoye rabin labari.

Mu fara da tsuntsayen fengwin na gaɓar Boulders, kusa da garin Simon's Town. A farkon shekarun 1980 suka yada zango a wurin, yanzu kuma akwai gadar katako da baƙi ke tsayawa a kai suna ɗaukar su. Wanda ya ga hotunan zai ɗauka tsuntsayen na cikin wadata, ga su gungu-gungu a farin yashi. Alhali a 2024 ƙungiyar IUCN ta sanya fengwin na Afirka cikin halittun da ke dab da ƙarewa, babban dalili kuwa shi ne ƙarancin ƙananan kifaye irin su sadin, waɗanda jiragen kamun kifi ke rububinsu da tsuntsayen. Yunwar cikin teku ba ta fitowa a hoto. Abin lura shi ne, hotunan da suka fi yi wa tsuntsayen rana ba masu kyau ba ne. Lokacin da jirgin ruwan Treasure ya nutse a 2000, mai ya ɓata fengwin kusan 19,000, hotunansu baƙi ƙirin ne suka taimaka wajen jawo dubban 'yan sa-kai zuwa aikin wanke su.

Lamarin gwaggon biri ya fi muni. Ciyar da biran zirin haramun ne a doka, amma mai son hoton fuska kusa-kusa yakan jefa burodi ko ayaba. Birin da ya saba da abincin mutane sai ya koma fasa motoci da kutsawa gidaje, wasu ma daga ƙarshe hukuma ta kashe su. Mai hoto ya tafi da abin yabo, biri ya biya da ransa.

Hoton dabbar gida ma yana da tarihi a nan. Just Nuisance, ƙaton karen da rundunar ruwan Birtaniya ta yi wa rajista a matsayin soja a 1939, har yau mutum-mutuminsa na tsaye a Simon's Town. Magadansa su ne karnukan da ake ɗauka suna sheƙa gudu a yashin Noordhoek. Sai dai a irin wannan yashi ne wasu tsuntsayen gaɓa ke yin ƙwai a fili, kuma kare da aka saki don a samu hoto mai rai yana iya tarwatsa sheƙa cikin ƙiftawar ido.

Mafi nauyi cikin abin da kyamara ke yankewa shi ne mutane. A 1967 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana Simon's Town garin farar fata, aka kwashe iyalai zuwa Ocean View, inda zuriyarsu ke zaune har yanzu. Unguwar na kusa da wuraren da ake ɗaukar faɗuwar rana, amma da wuya ta shiga kalandar masu yawon buɗe ido. Hoton ƙasa fayau ba kowa yana maimaita, ko da ba da niyya ba, abin da waccan gwamnati ta so gani.

Ƙwarewar masu wannan salo a kan haske da haƙurin jira ba abin musu ba ce. Amma a Zirin Cape, gwanin gaske shi ne wanda ya tsaya nesa da dabba, ya riƙe igiyar karensa, ya kuma bar mutanen wurin su fito a hotonsa.