Rubutu a Ƙirji: Sharhi kan Kewar Gayun Dare da Rigar da Mutum ke Rubuta wa Kansa

Akwai wani nau'in rubutu da ya yi kasuwa a Facebook da TikTok 'yan shekarun nan, wanda za a iya kira adabin tuna baya. Sai a ɗora tsohon hoto da kalarsa ta koɗe: saurayi ya tara suma, ya ɗame cikin riga mai babbar kwala, wandonsa mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, takalminsa mai tudu. A ƙasan hoton a rubuta 'yan layukan kewa, ƙarshensu dai "Allah sarki, jiya ba yau ba." Dattawa su yi ta tuno gidajen rawa na Sabon Garin Kano da na Kaduna, yara kuma su riƙe baki, ashe baba ma ya taɓa zama ɗan gaye.

Wannan rubutu ya cancanci sharhi kamar kowane ƙagaggen labari, domin shi ma zaɓe yake yi: akwai abin da yake faɗa, akwai wanda yake binnewa.

Alherinsa na farko shi ne yana ƙaryata zancen nan da ake yawan yi, wai sai a wannan zamani matashin Bahaushe ya fara kwaikwayon baƙin al'adu. Hotunan sun nuna an daɗe ana yi. Fim ɗin Indiya mai suna Disco Dancer ya fito a 1982, shekarar da Michael Jackson ya saki faifan Thriller, kuma samarin da ke cika silimun Kano irin su Plaza da El Dorado da Marhaba sun kwashi rawa da ɗinki daga irin waɗannan. Da Kannywood ta ɗauko rawa da waƙa cikin ƙananan kaya, rigimar da ta biyo baya tsohuwa ce ta sake riga. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 Adam A. Zango ya shiga gidan yari saboda faifan bidiyonsa na Bahaushiya. Da yawa cikin masu tofin Allah-tsine a lokacin, a aljihun tsohuwar akwatinsu akwai hoton da ba za su so 'ya'yansu su gani ba.

Rauninsa kuwa shi ne yana lissafa tufafi kamar mai duba kayan lefe: ga wando, ga takalmi, ga tabarau. Ba ya tambayar hannun da ya yi su. Alhali abin sha'awa a gayun wancan lokaci shi ne yawancinsa aikin gida ne. Saurayi zai ga ɗinki a jikin hoton kaset, ya sayi yadi, ya zauna a shagon tela yana kwatance har sai an fitar masa da abin da ke ransa. Ƙungiyar ƙwallon unguwa ko ta wasan kwaikwayo za ta sayi fararen riguna, a yanke haruffa a jikin kwali, a ɗora a kan rigar, a dangwala fenti da soso. Harafi ya karkace, fenti ya zarce, amma sunan da ke jiki su suka raɗa wa kansu. Wanda ya yi kewar wandon ya manta da wannan, ya yi kewar ɓawo ne ya bar ƙwaya.

Idan muka ɗauki tishat mai rubutu a matsayin ɗan gajeren matani, riguna uku ne ke yawo a jikin matasanmu yau, kuma kowace da marubucinta.

Ta farko ita ce ta gwanjo, wadda ake kwance dilarta a kasuwanni irin Ƙofar Wambai a Kano, ta bi 'yan koli har kasuwannin ƙauye. Rubutunta na Turanci ne, an yi shi don wani mutum a wata ƙasa: sunan jami'a a Amurka, tallar kamfanin giya, gasar gudun da aka gama shekaru goma da suka wuce, wani lokaci ma batsa tsagwaronta. Yaro zai sa ta ya shiga sahun sallah bai san abin da ƙirjinsa ke faɗa ba. Babu laifinsa, abin da kuɗinsa ya kai ke nan. Abin takaicin ya fi yawa ne idan aka tuna cewa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙasar auduga ta kudancin Katsina, wadda ta ciyar da injinan gurzar auduga da masaƙar Funtua. Jikan manomin auduga ne ke sanye da rigar da wani ya gaji da ita, da maganar da wani ya gama yi.

Ta biyu ita ce ta siyasa. Ita da Hausa take magana, ko aƙalla da sunan da muka sani, amma kalmominta na mai gida ne. Ana raba ta a bayan mota lokacin kamfe, da hoton ɗan takara da alamar jam'iyya, bayan zaɓe ta koma rigar gona. Ba a raina ƙarfin tufafi a siyasar Arewa, jar hular Kwankwasiyya kaɗai ta isa shaida. Sai dai a nan mai rigar allo ne kawai, wani ne ke riƙe da alƙalami.

Ta uku ita ce wadda mutum ya zaɓi kalmominta da kansa, kuma ita ce mafi ƙaranci. Muna ganin ɗan misalinta ranar da ɗaliban jami'a suka gama jarrabawar ƙarshe, su sa farar tishat abokai su cika ta da rubutun maka. Muna ganinta a shagunan buga riga da suka yawaita a birane, inda da waya kaɗai za ka tsara rubutu a buga maka guda ɗaya tak. Kayan aiki sun yi sauƙin da masu kwali da soso ba su taɓa mafarki ba. Amma dubi abin da ake bugawa: mafi yawa guntayen Turanci ne da aka kwafo daga intanet, ko tambarin kamfanin Turai na jabu. An samu alƙalami, an rasa abin faɗa.

Abin mamaki ne, domin Bahaushe gwani ne a gajeriyar magana. Karin magana, kirari, habaici, zambo, duk fasahar dunƙule zance ce cikin kalmomi biyar ko shida. Direbobin manyan motoci sun daɗe da gane haka. "Haƙuri maganin zaman duniya" a goshin tirela cikakken rubutu ne: ka karanta shi cikin ƙiftawar ido, ya bi ka har gida. Ma'aunin rubutun riga ke nan. Ya zama gajere yadda za a karanta shi kafin mai shi ya wuce a kan babur, ya zama da harshen da mai rigar ke mafarki da shi, ya kuma zama maganar da zai iya tsayawa a kanta idan dattijo ya tare shi ya ce, "Kai yaro, me kake nufi?" A 1984 mai zanen tufafi Katharine Hamnett ta je gaban Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher sanye da tishat mai manyan haruffa da ke adawa da girke makaman nukiliya. A 2014 jajayen rigunan masu neman a dawo da 'yan matan Chibok sun zagaya duniya. Dukansu sun cika wannan ma'auni.

A ƙasar Pauwa, zancen kewar dare yana da wani nauyi na daban, kuma a nan ne adabin tuna baya ya fi gazawa. Daren waɗannan garuruwa ba na kulob ba ne irin na Sabon Gari. Dandali ne da kalangu, 'yan mata na gaɗa a farin wata, teburin mai shayi, daren biki da janareta da lasifika, inda ɗan cirani da ya dawo daga Kaduna ko Legas ke baje sabon gayunsa. Shata da Barmani Choge, waɗanda Funtua ta yi alfahari da su, a irin wannan dare aka fi jin daɗin kaset ɗinsu. Canjin yayi bai kashe wannan dare ba, bindiga ce ta kashe shi. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana zirga-zirgar babura da dare a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, aka kuma katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu. Yaron da ya tasa a waɗannan shekaru, idan ka nuna masa hoton wando mai faɗin ƙafa, ba wandon zai fara gani ba. Zai ga mutanen da suka fita bayan isha'i suka dawo gida lafiya.

Saboda haka marubucin da ke son yin kewar gayun da, ya rubuta daren gaba ɗaya, har da dalilin ɓacewarsa. Matashin da ke da kuɗin buga riga kuma, ya gwada kalmominsa kafin ya kwafo na wani. "A bar mu mu yi noma." "Ina son in kwana a gidanmu." "Daren ma namu ne." Gaskiya ne akwai ƙauyen da irin wannan rubutu zai iya jawo wa mutum ido, kuma babu mai hankalin da zai tura ɗan wani cikin haɗari don a ce ya yi fasaha. Amma 'yan Pauwa da ke karatu a Zariya da Kano da Katsina, da masu neman kuɗi a Abuja, suna da ƙirjin da dubban idanu ke kallo kullum. Farar riga, kwali, reza da ɗan gwangwanin fenti sun ishi mutum ya faɗa wa gari daga ina ya fito da abin da aka ƙwace masa.