Gari ɗaya, suna huɗu: wahalar neman asali a tsakanin Yahudawa

Bayahuden Amurka da ya tashi neman asalinsa yakan fara ne da abin da ya ji a bakin kaka: mu mutanen Lemberg ne. Sai ya buɗe taswira, ya duba har ya gaji, babu Lemberg. Garin kuwa yana nan daram inda yake. Lemberg sunansa ne a hannun daular Ostiriya daga 1772 zuwa 1918. Ya koma Lwów a ƙarƙashin Polan tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ya zama Lvov a zamanin Tarayyar Sobiyet, yau kuma Lviv ne a Yukren.

Na Mukachevo ma ya fi ɗaure kai. Wanda aka haifa a can a 1910, lokacin ana ce wa garin Munkács, in Allah ya ja kwanansa ya tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi, ya zauna a ƙasa biyar ba tare da ya bar ƙofar gidansa ba: Ostiriya-Hangari, Cekoslobakiya, Hangari daga 1938, Sobiyet daga 1945, sai Yukren a 1991. Kowace gwamnati ta zo da harshenta da akawunta da littafin rajistarta.

Wannan duk mai sauƙi ne, tunda sunayen hukuma suna rubuce. Inda gizo ke saƙa shi ne sunayen Yiddish, harshen da Yahudawan gabashin Turai ke yi a gida da kasuwa. Garin Góra Kalwaria da ke kudu da Warsaw, su Ger suke ce masa. Brest-Litovsk kuwa Brisk. Oświęcim, wanda duniya ta sani da sunansa na Jamusanci, Auschwitz, a wurinsu Oshpitzin ne. Babu taswirar gwamnati da ta ɗauki waɗannan, amma su ne ke bakin tsofaffi, su ne a littattafan tunawa da garuruwa da waɗanda suka tsira suka wallafa bayan yaƙin duniya na biyu.

Sai kuma akawun jirgin ruwa. Yahudawa sama da miliyan 2 ne suka bar gabashin Turai zuwa Amurka tsakanin 1881 da 1924, kuma a tashar da suka tashi, irin su Hamburg da Bremen, ake cike takardar fasinjoji. Abin da kunnen akawu ya ji shi hannunsa ke rubutawa. Wani kuma in ya ce Minsk, lardin yake nufi ba birnin ba, kamar ɗan ƙauye da ya je Ikko ya ce shi ɗan Kano ne don kada a tsawaita tambaya.

Masu wannan bincike ba su naɗe hannu ba. A 1985 Gary Mokotoff da Randy Daitch suka tsara hanyar mayar da suna lambobi shida gwargwadon sautinsa, ta yadda rubutu daban-daban na suna ɗaya za su faɗa wuri guda. A 1991 Mokotoff da Sallyann Amdur Sack suka fitar da kundin garuruwa mai suna Where Once We Walked. Rumbun JewishGen a intanet yana nuna sunan gari da lardinsa da ƙasarsa a wajajen 1900 da 1930 da bayan yaƙi.

Kayan aiki ne masu kyau, sai dai a ganina suna saka wa sabon shiga garaje. Da ya ga Lviv sai ya share Lemberg daga takardarsa, wai ya gyara kuskuren kaka. Alhali kaka ba ta yi kuskure ba, kwanan wata ta ba shi. Mai cewa Yekaterinoslav da alama ya bar garin kafin 1926, shekarar da aka raɗa masa Dnepropetrovsk, sunan da shi ma aka gajarta zuwa Dnipro a 2016. Tsohon suna shi ke faɗa maka wace hukuma ce ta yi rajistar haihuwa, da wane harshe. A yankin Polan da Rasha ta mulka, da Polanci ake rubuta rajista har 1868, daga nan aka koma Rashanci. Tsohon sunan ne kuma ke nuna inda takardun suka kwana: rajistar Yahudawan garuruwa da dama na gabashin yankin Galishiya, waɗanda yau suke Yukren, tana ajiye a ma'ajiyar tarihi ta AGAD da ke Warsaw.