Malam a Bakin 'Yan Tashe, Fada a Alƙalamin Faransawa

Da watan azumi ya kwana goma, yara kan fito tashe bayan shan ruwa, a Yelwan Yawuri kamar yadda ake yi a Kano da Katsina. Cikin wasannin akwai wanda ake kira "Ka Yi Rawa". Yaro zai zunduma babbar riga, ya naɗa rawani, ya manna gemun auduga, ya riƙo allo da carbi. 'Yan amshi na tuhumarsa da taka rawa, yana musantawa, ƙafarsa kuwa tana bin kiɗan. A ƙofar gidan malamin unguwa ma ana yi, ya yi dariya ya ba da sadaka.

Wannan zambo ne, kuma mai kaifi. Abin da yake suka shi ne malamin da bakinsa ke hani, jikinsa na aikatawa. Abubakar Imam ya kai irinsa cikin littafi: a Ruwan Bagaja na 1934, wanda jaruminsa ya taso daga Kwantagora, maƙwabciyar Yawuri, Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya zama abin dariyar masu karatu saboda wayo da zamba. Imam kansa ɗan malamai ne. Tun kafin shi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta caccakar miyagun malamai masu sayar da ilimi a fada.

Faransawa ma sun daɗe suna yi wa limaman cocin Katolika ba'a, su da zane. Bayan dokar 'yancin jarida ta 29 ga Yulin 1881, mujallu irin su L'Assiette au Beurre ta 1901 da Les Corbeaux da La Calotte suka cika da hoton fada, wato limamin coci, a siffar hankaka saboda baƙar rigarsa, ko alade mai ƙaton tumbi, ko mai toshe ƙwaƙwalwar ɗan makaranta. Faɗan na mulki ne. Coci na riƙe da makarantu, gwamnati ke biyan limamai albashi, manyansu da yawa na goyon bayan komowar sarauta, jaridar La Croix kuma ta tsaya kai da fata wajen sukar Dreyfus, hafsan Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa a 1894. Masu zanen sun ga biyan buƙata ranar 9 ga Disambar 1905, da aka raba coci da gwamnati.

Sai dai alƙalamin bai tsaya kan fada ba, ya haura har kan annabawa da littattafai masu tsarki. Nan hanya ta rabu. Ɗan tashe almajirin malam ne, gobe da asuba yana gabansa da allo, kuma da ma'aunin addini yake auna shi. Mai zanen Faris so yake ya karya ikon cocin gaba ɗaya.

Magajiyar waccan al'ada, mujallar Charlie Hebdo, ita ce ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a Janairun 2015. Ranar 16 ga watan Damagaram ta kama da wuta saboda zanen, washegari Yamai. An ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, mutum goma suka rasu. Ɓatancin abin ƙi ne, amma waɗanda aka kashe da waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada 'yan Nijar ne, ba su da hannu a zanen ko kaɗan.