Kwaɗon Roba: Nazari Kan Koton Ƙarya da Ruwayen Minna

Masuntan Shiroro ba sa yar da tsohuwar silifa. Suna yanka tafinta gunduwa-gunduwa, su jera a igiyar saman kalli domin ragar ta tsaya a miƙe cikin ruwa, ko su ɗaura guda a fatsa don su ga lokacin da kifi ya taɓa. Robar silifa ba ta shan ruwa, ba ta ruɓewa, kuma ba a sayen ta. A hannunmu aikinta ke nan, ta yi iyo ta riƙe wani abu. A wasu ƙasashe kuwa, musamman kudancin ƙasar Amurka, irin wannan roba ake fafewa a yi mata fuska da jela, a ɗora ta a kan ƙugiya, ta zama ita kanta koton. A nan zan riƙa kiran abin kwaɗon roba, domin kwaɗo ne ya fi kama da shi idan yana tafiya a saman ruwa. Ina ganin wannan sana'ar hannu ta fi kusa da mu fiye da yadda hotunan Turawa masu tsadaddun sanduna suke nunawa, kuma ta cancanci a duba ta da idon basira.

Sun da muka gada, na Sarkawa da na Nufawa da na Gwarawan bakin kogin Kaduna, ya tsaya ne a kan dabaru biyu. Ta farko a tare wa kifi hanya ko a rufe shi, da kalli ko birgi ko taru ko gura. Ta biyu a ba shi abinci na gaske a kan ƙugiya: tana, fara, gara, ɗan ƙaramin kifi, har da gutsuren sabulu da ake yi wa tarwaɗa. Mamari ma, wanda sau da yawa ake shimfiɗa shi ba koto, jira yake kifi ya gogi ƙugiya. Abin da ba mu zurfafa a kai ba shi ne yaudarar ido da kunnen kifi da abin da ba ya ciyuwa, wato masunci ya sa mataccen abu ya yi motsin mai rai.

Dabarar ta tsufa. Wajen shekara ta 200 miladiyya, wani marubucin Rum, Claudius Aelianus, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara biyu, su kama kifi da shi. A littafin tafiye-tafiyensa da ya fito a 1791, William Bartram ya bayyana yadda ake su a Florida da doguwar sanda da gajeren zare, an ɗaure ƙugiyoyi uku baya da baya an lulluɓe su da farin gashin jelar barewa, ana kaɗa su a fuskar ruwa har kifi ya yi tsalle ya cafke. A farkon ƙarni na 20 aka fara yin jikin koton da toshiyar kwalba ta ɓawon itace, kuma sunan Ernest Peckinpaugh na garin Chattanooga a jihar Tennessee ne aka fi ambata a wannan. Roba mai laushi ta zo daga baya, ta kuwa karɓe fagen, saboda ba ta tsagewa kamar toshiya kuma reza kaɗai ta isa a sarrafa ta.

Sirrin kwaɗon roba yana fuskarsa. Ana fafe gaban kamar ɗan ƙoƙo, ta yadda idan masunci ya fizgi zare kaɗan, fuskar za ta kamfaci iska ta tura ta cikin ruwa, a ji ɓul, kumfa ya tashi, zobba su bazu. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa jela, wanda yake jin girgizar ruwa da shi. Saboda haka ko ruwan ya yi ja irin na damina, mafaraucin kifi zai san wani abu na fama a sama. Wannan ne ya sa nake ganin cikin duk kotunan ƙarya shi ne ya fi dacewa da ruwayenmu, waɗanda rabin shekara ba a ganin ƙasansu. Sai dai ƙarar rabin aikin ce. Masu wannan su sun daɗe da lura cewa kifi ya fi kai hari a lokacin da aka dakata, bayan zobban sun lafa, koton na tsaye jelarsa na ɗan motsi. Mai gaggawa da ke ta fizga ba hutawa korar kifi yake yi.

Haɗa shi ba ya buƙatar abin da babu a Kasuwar Kure ta Minna. Abu na farko shi ne zaɓen roba, kuma a nan ne mafari ya fi faɗuwa. Soson katifa ba ya yi, domin ramukansa a buɗe suke, yana shan ruwa ya nutse. Farin soson da ake kare talabijin da shi a kwali yana iyo, amma yana marmashewa, kuma gam mai saurin kamawa yakan cinye shi. Tafin silifa mai kauri, wanda idan ka matsa ya dawo, shi ne daidai. Ana samun gajeren bututun ƙarfe, na tsohuwar lema ko na eriyar rediyo, a wasa bakinsa, a murza shi cikin robar ya fito da gunduwa mai siffar ganga. Sai a sassaƙe bayan ya tsuke, a goge da sanfefa, a daddale cikin ya zama shafaffe. Fuskar kuma a fafe ta da kan ƙusa mai zafi, a waje inda iska ke kaɗawa, don hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne.

Ƙugiyar ta zama mai dogon jiki da faɗin baki. Ana fara naɗe jikinta da zare sosai, domin gam ba ya riƙe ƙarfe mai santsi, kuma idan ba a yi haka ba robar za ta riƙa juyawa bayan kifi na farko. Sai a tsaga cikin robar da reza, tsaga marar zurfi, a ɗiga gam, a zaunar da ƙugiyar a matse. Zurfin wannan tsaga shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Idan ƙugiya ta shige tsakiyar roba, jikin zai cike tazarar da ke tsakaninsa da tsinin, kifi ya kawo cafka ya tafi bai kamu ba, kuma koton zai riƙa kifewa. Idan ta zauna can ƙasa, nauyinta zai sa koton ya faɗa ruwa daidai ko ta yaya aka jefa shi, tsinin kuma ya samu fili.

Jela kuwa a tsakar gida ake samun ta. Dogayen gashin wuyan zakara biyu ko huɗu, a ɗaura su suna kallon waje don su riƙa buɗewa da rufewa kamar ƙafafun kwaɗo. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, wanda masu wannan sana'a a Turai suke saye a ƙunshi, a wurinmu shara ne a bakin kasuwar kaji. Gashin jelar akuya ma yana yi. Ƙafafu ana yin su da siririyar roba, a zura ta da allura ta ratsa jikin. Fenti kuwa, a ganina, an fi yin sa don idon mai shi. Kifi daga ƙasa yake kallo, ciki da inuwa yake gani, don haka zanen da aka ƙawata baya da shi ba ya isa gare shi. Fari ko ruwan ɗorawa da rana, baƙi da almuru, sun wadatar.

Ba kowane kifi ne zai kula shi ba. Kurungu da ragon ruwa masu kiwon ƙasa ne, tana ta fi musu. Waɗanda ake nufi su ne masu farauta a sama. Tsage ne kan gaba, kuma haƙoransa suna datse zare nan take, dole a sa ɗan tsawon waya tsakanin koto da zare. Sili ɗaya daga wayar birkin keke yana yi. Bakinsa ƙashi ne, sau da yawa yakan yi tsalle ya tofar da ƙugiya, kuma yana yayyaga roba, wanda shi ma dalili ne na mutum ya iya haɗa nasa maimakon saye. Tufi, mai laɓewa cikin ciyawar gefen ruwa, kwaɗi yake ci dama. Ƙaramin koto kamar ƙwayar gyaɗa yana jan kawara, wani lokaci har da karfasa. Giwan ruwa kuwa, a kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi daga ƙasashe masu nisa suna biyan kuɗi mai yawa don su kama shi da dare da koton gashi. Irin kifin nan ne dai yake cikin tafkunan Kainji da Jebba.

Babban abin da ake kawowa na suka shi ne kayan jifa. A irin sun Turawa koton ba shi da nauyi, zaren ne mai nauyi, shi ake kaɗawa a iska ya ɗauki koton ya kai shi nesa. Sandar da zaren duka daga waje ake kawo su, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yaron Chanchaga ko Bosso. Sukar gaskiya ce, amma tana kan sanda, ba ta taɓa koton ba. Abin da Bartram ya gani a Florida ba shi da wannan zare. Doguwar gora, gajeren zare, mutum a gaban kwalekwale wani na tuƙi a hankali, ana bin gefen ciyawa da kututturan da ruwa ya cinye: wannan kowane ɗan su zai iya gobe. Sharaɗin kawai shi ne natsuwa, domin an matso kusa, kuma kifi na ganinka mai jar koma.

Ba zan ce wannan zai ciyar da gida ba. Mai iyali da ke jiran kasuwar Zumba ta Shiroro ba zai ajiye kalli ya ɗauki gora ba, kuma bai kamata a nemi haka daga gare shi ba. Amfanin kwaɗon roba yana wani wuri. Yana zaɓe. Girman ƙugiya ke yanke girman kifin da zai kamu, ba ya kwashe 'ya'yan kifi kamar raga mai ƙananan idanu, matsalar da ta sa aka yi ta fama da masu jan taru a tafkin Kainji a shekarun 1990. Yana kuma tilasta wa mai shi ya karanci ruwa, ya san inda inuwa take, da abin da ke faɗowa daga bishiya, da sa'ar da kifi ke tasowa. Matashin Minna da ya koyi wannan a Tagwai zai damu da abin da ake zubawa a dam ɗin da garin ke sha. Al'adar kama kifi a ɗauki hoto a sake shi, wadda baƙin Faro ke bi, ba na jin za ta zauna a nan yadda take, ban kuma ga laifin mutum ya kai abin da ya kama tukunya ba. Abin da ya dace mu ɗauka daga cikinta shi ne mayar da ƙanana da masu ƙwai. Akwai kuma nauyi a kan mai yin koton: roba ba ta narkewa, duk wanda ya tsinke yana iyo, a bi shi a ɗauko.

Rashin tsaro a sassan Shiroro ya rage wuraren da mutum zai je da asuba hankali kwance, don haka gwajin farko a ruwayen kusa da gari zai yiwu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashen nazarin kifi, New Bussa kuma tana da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Ɗalibi guda da gora da littafin rubutu zai iya tattara wane girma da wane launi ke aiki a wane wata. Lokacin farawa shi ne ruwan farko, tsakanin Afrilu da Mayu, sa'ad da shinge ke tashi da yamma yana faɗawa ruwa, kifi duk ya ɗago kai. A ranakun nan ƙaramin koto mai ruwan ƙasa da fikafikan gashin kaza biyu ake so, a ajiye shi a hankali kusa da inda aka ga zobe, a ƙirga goma kafin a motsa shi.