Babbar Farfela Ba Ita Ce Gudu Ba: Gyara Kan Wata Fahimta a Bakin Dam ɗin Tiga

Mu 'yan yankin Burumburum, Tiga ce tekunmu. Tun da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, masunta da masu fito ke cin abinci a kanta, kuma yanzu wasunsu sun ɗaura wa jiragensu inji. Kwanakin baya na zauna da wani mai fito a bakin ruwan, yana ta kukan cewa injinsa mai ƙarfin doki 40 ya zama rago, yana shan mai kamar rijiya, fulogi kuma kullum baƙi ƙirin. Da na tambaye shi me ya canza, sai ya ce ai farfela ya sake, ya sa "babba" don ya ƙara gudu. Wannan fahimtar, cewa babbar lamba ita ce gudu, ita nake so mu duba tare, domin tana cinye kuɗin mutane a ɓoye.

Idan ka duba jikin farfela za ka ga lambobi biyu, misali 11 da 13. Ta farko faɗinta ne da inci. Ta biyu ita ce nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga, kamar yadda sukuru ke shiga katako. Mu kira wannan takun farfela. Mai taku 13 tana neman ta yi gaba da inci 13 a kowane juyi, mai taku 15 kuma inci 15. To daga nan ne mutum zai ce ai shi kenan, dogon taku ya fi sauri.

Matsalar ita ce dogon taku yana buƙatar ƙarfi. Injin jirgi ba kamar na babur ba ne da kake sauya giya daga ɗaya zuwa huɗu. Gaba, baya da furi kawai yake da su, saboda haka farfelar ita ce giyarsa, kuma da giya ɗaya zai yi duk tafiyar. Sa farfela mai dogon taku a jirgin katako da aka loda wa buhunan masara daidai yake da ka ɗauki mutum biyu a babur ka nufi hawa da giya huɗu. Ka san yadda injin ke gurnani yana kakkarwa.

Kowane inji yana da iyakar juyi da kamfani ya ƙayyade masa idan an buɗe totur duka. Ga Yamaha Enduro mai doki 40, irin wanda ya yaɗu a ruwayen Najeriya, iyakar tana tsakanin juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti, kuma injin na juyawa sau biyu kafin farfela ta juya sau ɗaya. Mu yi lissafi. Idan injin na juyi 5,000, farfela na yin 2,500. Ka ninka da inci 13, ka samu inci 32,500 a minti, wato kusan kilomita 50 a awa a takarda. Ruwa ba katako ba ne, farfela na zamewa a cikinsa, don haka ko a jirgi marar nauyi sai ka cire kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Yanzu a ce ka sa mai taku 15, nauyi ya danne injin ya sauko 4,000. Farfela na yin 2,000, ka ninka da 15, inci 30,000 kenan. Ka ga lambar ta ƙaru amma gudun ya ragu. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kowane inci ɗaya da ka ƙara a taku yana rage juyin inji da kimanin 150 zuwa 200.

Asarar ba ta tsaya ga gudu ba. Injin da aka hana shi kai wa juyinsa yana aiki cikin matsi, zafi na taruwa a kan fistin, dauɗar hayaƙi na toshe zobba, a hankali ya mutu kafin lokacinsa. Ga mai kuma, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan injin ba ya amsa totur da wuri. Idan hadari ya taso a tsakiyar ruwa, kana so ka juya goshin jirgi ya fuskanci igiya, daƙiƙun da injin zai ɓata yana gurnani suna da tsada.

Amma a yi adalci, masu wannan ra'ayi ba daga iska suka ɗauko shi ba. A jirgin roba marar lodi, wanda injinsa ke wuce iyakar juyi, ƙara taku na ƙara gudu da gaske. Haka kuma farfela mai gajeren taku fiye da kima tana sa inji ya yi ta ihu ya wuce 5,500, wannan ma ɓarna ce. Kuskuren shi ne ɗaukar abin da ya dace da jirgi guda a mayar da shi doka ga kowa. Masu tseren jiragen ruwa a Turai da ƙasashen Larabawa ba farfela ɗaya suke zuwa da ita ba. Suna zuwa da da yawa, su gwada, su zaɓa gwargwadon filin tsere da yanayin ruwan ranar. Ko tarihin farfelar ma ya koyar da haka: a 1837, wani Bature ɗan Ingila, Francis Pettit Smith, yana gwada doguwar farfelarsa ta katako a wani magudanin ruwa a Landan sai kusan rabinta ya karye, jirgin kuma ya ƙara gudu.

Akwai wani abin da ya shafe mu musamman. Tiga tana kan tudu, kimanin mita 500 sama da teku, kuma inji na rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300 saboda iska na raguwar kauri. Ka haɗa da zafin watan Afrilu, wanda shi ma ke rage kaurin iskar. Farfelar da ta dace da injin a Legas ko Warri tana iya yi masa nauyi a nan. Sai kuma al'adar miƙe fiffiken da ya lanƙwashe da guduma. Bakanike zai miƙe shi da ido, ya yi kyau a gani, amma takun fiffike ɗaya ya bambanta da sauran, jirgi ya riƙa rawa, giya na ci.

Bayan hatsarin Bagwai na 30 ga Nuwamban 2021, inda aka rasa ɗaliban Islamiyya da dama a dam ɗin Watari, maganar da aka fi yi ita ce lodi fiye da kima da rashin rigar ceto, kuma daidai ne. Kar wani ya fahimce ni a baibai: babu farfelar da za ta halatta maka ɗaukar mutum hamsin a jirgin mutum ashirin. Abin da nake cewa shi ne duk mai wayar da kan masu fito, ko hukumar NIWA ce ko ƙungiyarsu, ya kamata ya sa wannan darasi a ciki.

Gwajin ba shi da wuya. Akwai ɗan ƙaramin agogon ƙirga juyi da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya a mashigi. Ka ɗora lodin da ka saba ɗauka, ba jirgi fanko ba, ka fita inda ruwa ya kwanta, ka buɗe totur duka na ɗan lokaci, ka karanta. Idan juyin bai kai 4,500 ba, rage taku. Idan ya wuce 5,500, ƙara. Wayarka ma za ta iya nuna maka gudun ta taswira.

Mai fiton nan ya mayar da tsohuwar farfelarsa mai taku 11, wadda ya jefa a ƙarƙashin benci. Da na sake kiransa, ya ce injin ya dawo hayyacinsa, sabuwar kuma yana neman mai saye.