Gadon Lilon Da Ya San Darajar Dogon Mutum

Tsawona ƙafa 6 da inci 4 ne, wato kimanin santimita 193, kuma duk wanda Allah ya ba irin wannan tsawo ya san kwanan takura. Katifa ta ƙare, ƙafa ba ta ƙare ba. Bargo in ya rufe kafaɗa sai ya bar yatsu a sanyi. Shi ya sa daren farko da na kwanta cikin gadon lilo Blackbird XLC na kamfanin Warbonnet, na miƙe ƙafafuna iya miƙewa, na ji dunduniyata ta samu wurin zama ba ta tokari komai ba, sai da na yi hamdala a bayyane cikin duhun daji. Tun daga ranar nake ba kowa labarinsa, kuma har yau bakina bai gaji ba.

Gadon lilo dai yadi ne mai ƙarfi da ake tattare bakinsa biyu a ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu, mutum ya kwanta ciki yana reto a sama, kamar yadda ƙwarya ke zama cikin ragaya. Tsohon abu ne. Mutanen Taino na tsibiran Karebiyan suna kwana a cikinsa tun kafin Kolumbus ya iso musu a 1492, daga wurinsu Turawa suka ɗauki abin har da sunansa, sannan ma'aikatan jiragen ruwa suka yi ɗaruruwan shekaru suna barci a kansa. Yanzu a Amurka masu kwana a daji da yawa sun ajiye tanti sun koma gare shi, domin ba ruwansa da tsakuwa, ko gangara, ko jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ni kuwa da farko ban ji daɗinsa ba. Na shiga wani kantin kayan zango na ɗauki wanda ke kan kanta, tsawonsa ƙafa 9 da rabi, muka tafi gandun dajin Shenandoah a jihar Bajiniya tare da wani yayanmu da ya daɗe yana wannan harka. Na ja igiya na ɗaure tamau, a tunanina in yadin ya miƙe ni ma zan miƙe. Ina! Jikina ya tanƙware kamar lauje, gefen yadin ya matse mini kafaɗu, wani tudu mai tauri ya taso a tsakiya yana danna sha-raɓata, gwiwoyina suna sagewa. Da asuba na sauko ina dafe da ƙugu. Yayan nan ya dube ni, ya dubi yadin, ya ce, "Dogo, ba kai ka kasa ba, yadin ne bai kai ka ba." Na ce, "To Yaya, mene ne magani?" Ya ce in nemi mai ƙafa 11, sauran bayani in ya iso.

Ashe sirrin duka yana wurin kwanciya a karkace. Ba a kwanciya daidai kan layin bishiyoyin biyu. Kai yana komawa gefe ɗaya, ƙafafu su koma ɗaya gefen, sai yadin ya buɗe a ƙarƙashinka, bayanka ya shimfiɗu kusan kamar kan gado. Amma wannan karkacewa tana cin yadi. Gajeren mutum zai samu filin yin ta cikin ƙafa 9, dogo kuwa kansa da ƙafarsa suna kaiwa wurin da aka tattare bakin, inda yadin ya tsuke ya hau sama. Ƙarin ƙafa ɗaya da rabin nan da ake gani kamar ba komai ba, shi ne tsakanin barci da kwanan zaune.

XLC ƙafa 11 ne, kusan mita 3 da santimita 35. Ƙanensa, Blackbird na asali, ƙafa 10 ne, don haka dogo ya duba haruffan nan uku da kyau kafin ya biya. Amma abin da ya sace mini zuciya ba tsawon kaɗai ba ne. Wajen ƙafafu sun ɗinka ƙarin ƙyalle, wani ɗan lungu da ya fita gefe, daidai inda ƙafar mai kwanciya a karkace take sauka. Kana miƙa ƙafa sai ta faɗa ciki, yadin bai turo ta ba, gidan sauro bai manne wa yatsu ba. Wanda ya yi wannan tunani, wallahi ya san ciwon dogon mutum. Na kan kwanta in riƙa motsa yatsuna a cikin lungun nan don daɗi kawai.

Sai kuma 'yar kantar da ke gefe, wani faffaɗan aljihu da igiyar roba ke ja zuwa turke a ƙasa. Nan nake ajiye tocila, tabarau, waya, carbi da rigar sanyi, kuma ko ɗaya ba ya gangarowa ƙarƙashin bayana cikin dare. Gidan sauronsa na zif ne, ana iya cire shi ɗungurungum a sa rufin sanyi a madadinsa. Akwai mai yadi falle ɗaya, akwai mai biyu. Na ɗauki mai biyu saboda nauyina, kuma ana iya cusa 'yar shimfiɗa tsakanin fallayen. A jihar Kolorado kamfanin yake, ɗinkin kuwa duk inda ka ja da hannu za ka ji ba na gaggawa ba ne.

Daga wannan baki zuwa wancan akwai siririyar igiya da ta bi ta saman fuskar mai kwanciya. Da farko na ɗauka don riƙe gidan sauro kawai aka sa ta. Ashe ita ce ke ƙayyade zurfin lotsawar yadin, ta yadda ko bishiyoyin sun yi nisa ko sun matso, kwanciyar ba ta canzawa. Masu harkar sun daɗe da gano cewa in igiyar ta kai kimanin kashi 83 cikin 100 na tsawon yadin, wato wajen inci 110 ga mai ƙafa 11, lotsawar takan yi daidai. Littafin Derek Hansen mai suna The Ultimate Hang, wanda ya fara fitowa a 2011, ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa irin wannan lissafi da zane-zane masu sauƙin ganewa.

Ɗaurawa ma ba wuya in an gane dalili. Ina neman bishiyoyi biyu masu rai, masu kauri, da tazarar taku biyar zuwa shida irin nawa, kimanin ƙafa 15. Kafin in kwance jaka sai na ɗaga kai na duba ko akwai busasshen reshe a sama, wannan kam ba na wasa da shi. Maɗaurin da zai zagaye bishiya ya zama mai faɗin aƙalla inci ɗaya, don siririyar igiya tana yanka ɓawo, kuma bishiyar da ta ɗauke ka dare guda ba ta cancanci rauni ba. Nan tsawo ya zama alheri, domin dogon yadi yana son a ɗaura shi sama, ni kuwa hannuna yana kaiwa ba tare da ɗage ba.

Maɗaurin ya sauko daga bishiya da karkatar digiri 30. Ana gwadawa da hannu: ka miƙa manuniya a kwance, babban yatsa a tsaye, layin da ya taso daga kan manuniya zuwa kan babban yatsa shi ne kusan abin da ake nema. Ba ado ba ne. A digiri 30, nauyin da kowane maɗauri ke ja daidai yake da nauyin jikinka. In ka ja shi ya kusa miƙewa, ya zama digiri 10, jan yana kusan ninka uku. Mai kilo 95 irina zai ɗora wa kowace bishiya fiye da kilo 270 bai sani ba. Abin da na yi ke nan a wancan dare da gajeren gadon, Allah ne ya kiyaye. Bayan haka sai in ɗaga gefen ƙafafu ya fi na kai da kamar taƙi ɗaya, don kada jiki ya riƙa zamewa ƙasa, in kuma tabbatar in na zauna tsayin bai wuce na kujera ba, wajen inci 18. In na kwanta sai in kama igiyar sama da yatsu biyu in ɗan lanƙwasa ta. Ta yi tauri kamar tsirkiya, na ja da yawa. Ta yi sako-sako, sai in ƙara.

Abu ɗaya ne zan gargaɗi mai sha'awa a kai: sanyi ta ƙasa yake zuwa. Iska tana bi ta ƙarƙashin yadin tana kwashe ɗumin baya, bargon da ka danne da jikinka kuwa ba ya tare komai. Ko a daren da zafi ya sauka zuwa digiri 20 a ma'aunin Celsius sai ka ji bayanka ya yi sanyi. Maganin shi ne bargon ƙasa, wanda ake rataye shi ta wajen yadin. Na sayi Wooki, wanda kamfanin ya yanka daidai da siffar wannan gado, gashin tsuntsun da ke cikinsa ma a karkace aka jera shi ya bi kwanciyar mutum. Tamfol ɗin sama shi ma kada ya gaza ƙafa 11, in ba haka ba ruwa zai samu bakin yadin. Kuɗin duka ba kaɗan ba ne, na yi watanni ina tarawa, kuma ko sisi ban yi da-na-sani ba. Wanda tsawonsa ya zarce nawa sosai, akwai masu ɗinka ƙafa 12, ya neme su.

Da muka koma Shenandoah da kaka, ganyaye sun yi ja sun yi ɗorawa, ruwa ya sauko wajen ƙarfe biyun dare. Na farka ina jin yayyafi yana kaɗa tamfol, na miƙa hannu kan 'yar kantar na laluba tocila, na haska ƙasa na ga ruwa yana gudu ta ƙarƙashina, ta daidai wurin da tanti zai zauna. Takalmana suna rataye a busasshe. Na kashe tocila, na mayar da ƙafata cikin lungunta, na ja bargo har wuya. Ban sake sanin inda nake ba sai da na ji muryar Yaya daga nasa gadon yana cewa, "Dogo, tashi, lokacin salla ya yi."