Malamin da ke cikin salula: me ya iya, me ya kasa?



Tun da salula mai taɓawa ta shigo karkara, ɗalibaina suna yawan tambaya ta: "Malam, tun da ga darasi cikin waya, don me sai mun zo aji?" Tambaya ce mai kyau. Bari mu duba ta tare.

Darasin waya iri biyu ne. Na farko magana ce da aka ɗauka aka ajiye cikin intanet. Ana ce mata fodkas. Kana saukar da ita cikin salularka, ka saurara lokacin da ka ga dama, ko a gona, ko bisa amalanke. Na biyu kuwa, malami ne yake koyarwa gaban kamara, kana ganin shi daidai lokacin da yake magana, kamar a telebijin.

Na biyun nan, ba zan daɗe kanshi ba. Yana son rezo mai ƙarfi, yana cin kredi, yana kashe batir da wuri. A garin da babu kuran, inda sai ka biya kuɗi a cika maka batir, wa zai iya zama awa guda yana kallo? In rezo ya yanke, malamin ba zai jira ka ba. Ɗan birni ya fi mu cin moriyar shi.

Fodkas kam yana da amfani. Ga misali, shirin "Ji Ka Ƙaru" wanda gidan rediyon Muryar Jamus ya fara a 2008. Wasan kwaikwayo ne gajere, kamar na minti 10, bisa lafiya, cutar sida, zazzaɓin cizon sauro, muhalli da sauransu. An watsa shi a rediyo, an kuma sa shi cikin intanet. Maganar rediyo tana wucewa sau ɗaya. Wannan kuwa, in ba ka gane ba, sai ka maido ta baya, ko sau biyar ne. Mutum ɗaya in ya saukar da shi ranar kasuwa, yana iya tura wa maƙwabta ta Bluetooth, ba rezo, ba kredi. Nan na yaba musu ƙwarai.

Amma da sauran magana. An tsara shirin don samari da ƴan mata na ƙasashen Afirka da yawa, cikin harsuna shida, Hausa ɗaya ce daga ciki. Don haka manomi mai iyali ba kullum yake ganin kanshi cikin labarin ba. Hausar kuma irin ta manyan gidajen rediyo ce, ta fi kusa da ta Kano. Su ce asibiti, mu mu ce likita. Ba laifi ba ne, sai dai tsohuwa ta kan tsaya ta ce: "Me suka ce?" Waya kuwa ba ta amsawa.

Iyayenmu sun san wannan matsala. A 1962 aka kafa ƙungiyar Rediyo-Kulob ta Nijar. Mutane su taru gindin rediyo, a saurari shiri, mai jagora ya buɗe mahawara, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai, a sa su cikin wani shirin. Kun gani, magana tana zuwa, tana komawa. Wanda ya toshe kunnuwa yana sauraro shi kaɗai ya rasa wannan.

Yanzu ga abin da ya fi damu na. Kunne ba ya koya wa hannu rubutu. Ina da wani ɗalibi, mai ƙoƙari ne, har ya iya rubuta wasiƙa. Ɗanshi ya aiko mishi da waya daga bakin teku. Daga nan ya bar rubutu, komai sai saƙon murya. Bayan damina ya dawo aji, ya kasa raba "k" da "ƙ", ya kasa raba "d" da "ɗ". Ya rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa". Mun yi dariya, amma ni raina bai yi daɗi ba. Takardar bashi ba ta magana. Rasit na kwaferatif ba ya magana. Ranar da aka ce ka sa hannu, ido da hannu za su fitar da kai.

Ba wayar ce da laifi ba. A 2009 da 2010, cikin wasu garuruwa na Damagaram da Dosso, an yi wani gwaji mai suna ABC. An koya wa ɗaliban karatun manya rubuta saƙo da salula. Da aka yi jarrabawa, sun fi waɗanda ba a koya wa ba, a rubutu da lissafi. Can yatsa ne yake neman baƙi ɗaya bayan ɗaya.

To, in kun samu darasin murya, ku karɓa, amma ku zo da shi aji. Mu ga yadda muke yi ranar Laraba: waya ɗaya a tsakiyar tabarma, mu saurari minti uku, mu tsayar. Kowa ya rubuta kalmomi uku da ya ji cikin kaye. Wani ya tashi ya rubuta nashi bisa allo, a gyara, a yi gardama bisa abin da aka ji, sannan mu ci gaba. Shirin minti 10 yana kai mu har kiran magariba.